Kafur a Adakar Dijatu

A unguwar da ke bayan kasuwar hatsi ta Azare, idan mace ta haihu ba a tsayawa tambayar wa za a kira. Inna Dijatu ce. Shekara ashirin da ɗoriya ta yi tana wankan jego a gidajen mutane. Takan iso da sassafe da damin ganyen darbejiya a ka, ta hura wuta, ta tafasa ruwa har garwa ta fara rawa, sannan ta shiga fyaɗa wa mai jego ganye, yarinya na ihu ita tana yi mata tsiya.

"Rufe mini baki, 'yar nema! Ranar da kike ƙunshi kina fari da ido ai ba ki aiko a kira ni ba."

Ta dama kunun kanwa, ta gasa cibiyar jariri, ta naɗe shi tsaf kamar huhun goro. Mazan unguwa suna shakkarta, matan suna son ta, domin bakinta ne kawai ke da zafi, hannunta kuwa sanyi gare shi.

'Yar Bulkachuwa ce. Aure ne ya kawo ta Azare, gidan Malam Saleh mai awon gero. Cikin kayan ɗakinta akwai adakar ƙarfe koriya mai zanen fure, wadda uwarta ta ba ta tare da karatu guda: ba a ajiye kayan jariri babu kafur. Waɗannan fararen ƙwallaye da ake sayarwa a leda su ke korar kyankyaso da gara da asu, kuma a cewar tsohuwar ko maciji ba ya ƙetare ƙamshinsu. Ta kuma koya mata haɗin gidansu: a daka ƙwallo ɗaya ya yi laushi, a cuɗa shi da man kaɗe, a riƙa shafe jariri safe da yamma don kada sanyi ya shige shi.

Haihuwarta ta fari namiji ne. Ran kwana uku farin idonsa ya koma kamar kwaiduwar ƙwai. Aka ce shawara ce, a riƙa sa shi a hantsi. Ran kwana biyar ya ƙi nono, ya banƙare baya kamar baka, ya yi wani irin kuka siriri mai tsini wanda ba ta taɓa jin irinsa a bakin ɗan Adam ba. Ran na shida aka binne shi, ragon suna yana ɗaure a tsakar gida yana cin harawa.

Ta biyu mace ce, ko atishawa ba ta yi ba. Na uku namiji, ya bi sawun wansa kwana da kwana, kamar wanda aka karanta wa hanya. Daga nan aka fara kiranta mai wabi a bayan ido. Tsofaffi suka tatsi nononta a ludayi, suka jefa tururuwa a ciki, tururuwar ta mutu, suka ce to ga shi nan: nononta dafi ne ga ɗa namiji.

Shi ya sa da ta sake haihuwar namiji, na uku a cikin maza, a watan Sha'aban, kuma idonsa ya fara rinewa, yayar Malam Saleh ta zo daga Giade ta ɗauke shi ran kwana huɗu. Ta tuɓe masa kayan uwarsa ta watsar a bakin ƙofa don fushi, ta naɗe shi da tsumman 'ya'yanta, ta shayar da shi da nononta. Ya rayu. Kowa ya ce magana ta fito. Sai dai Sha'aban, kamar yadda ake kiransa, ya tashi ba ya ji, wuyansa a karkace, hannuwansa ba sa bin umarninsa. Aka ce iska ce ta taɓa shi. Yau shekararsa talatin da ɗaya, yana zaune a tabarma a gindin bishiyar tsakar gida yana ɓare gyaɗa, ɗaya bayan ɗaya, da wahala. Malam Saleh ya rasu yana ganin laifin nono ne.

Dijatu ta karɓi wannan hukunci, har ta saba da nauyinsa. Nono ai ba ita ta zuba wa kanta ba. Abin da Allah ya zuba a jikin mutum ƙaddara ce, ana tausaya wa mai ita.

Shekara tara da suka wuce aka tara ungozomomi da masu wankan jego taron bita a asibitin unguwa. Wata nas, Sista Halimatu Sadiya, ta ɗaga farin ƙwallo tsakanin yatsu biyu.

"Iyayena, wa ta san wannan?"

Ɗaki ya ɗauka: "Kafur!"

"To ku saurare ni. Akwai yaran da ake haifa jininsu ba ya jure wasu abubuwa. Gado ne, ta wajen uwa yake biyowa, kuma maza ya fi kamawa. Kafur a kaya ko a mai, lalle a jikin jariri, wasu magungunan da ake saya a kemis ba da takardar likita ba. Da sun shiga jikin irin wannan yaro sai ƙwayoyin jininsa su farfashe. Dattin ya taru ya rina ido. In ya yi yawa ya hau ƙwaƙwalwa. Yaro ya banƙare, ya ƙi nono. Wanda ya tsira, sau da yawa kunne ne ke fara tafiya."

Wata ƙatuwar ungozoma daga garin Yana ta buga cinya. "Haba Sista! Mu da aka raina cikin kafur, ga mu nan kujera ma ba ta ɗaukar mu."

Aka kwashe da dariya. Dijatu ta fi kowa dariya, har tana share hawaye. Sannan ta tashi ta fita, ba ta tsaya cin shinkafar da aka raba ba. Ta yi tafiya a ƙasa har gida cikin rana, ta wuce Sha'aban a gindin bishiya ba ta kalle shi ba.

Tun daga ranar ba ta sake shiga gidan kowa da kafur ba. In mai jego ta tambaya ina haɗin nan mai ƙamshi, sai ta ce na yanzu duk jabu ne, ba shi da amfani. Ba ta taɓa ce wa kowa yana cutarwa ba. Faɗar haka a gidan wani daidai yake da faɗarsa a gidanta. A gidanta kuwa, duk farkon damina sai ta sayo sabuwar leda ta zuba a adaka, inda rigunan nan da shawul ɗin da maza uku suka sa suke a ninke. Ranar da ta daina zubawa, ranar ta amsa laifi. Nono na Allah ne. Kafur kuwa ita ta je kasuwa da ƙafarta ta sayo, ita ta daka da hannunta, ita ta shafa tana yi musu waƙa.

Babbar 'yarta mata zalla ta haifa, abin bai taso ba. Sai bana, da autarta Saliha ta dawo gida goyon ciki na fari. Ranar Talata, ana yayyafi, ta haifi namiji a asibitin unguwa, aka sallame su da azahar. Mijinta Naziru, malamin firamare, ya kawo kayan jariri sababbi a leda, ya durƙusa a zaure ya miƙo su, kansa a ƙasa.

"Inna, ga su nan, ba yawa."

"Allah ya yi albarka, Malam. Allah ya raya."

Ta kai ledar ɗaki. Ta daɗe tsaye a gaban adaka kafin ta buɗe.

Da za a tambaye ta, cewa za ta yi damina ce, ɗakin da danshi, kyankyaso ya yi yawa. Kuma gaskiya ne. Za ta ce jarirai ɗari nawa ta shafe da haɗin nan a shekarunta na farko, ga su nan suna tuƙa babur, wasu har da 'ya'ya. Wannan ma gaskiya ne, in aka cire huɗu ko biyar da takan tuna sunayen iyayensu mata idan tana tsinke ganye. Amma a can ƙasa da waɗannan akwai wata magana da ko a sujada ba ta taɓa furtawa ba. Ga namiji daga jininta, ba nononta zai sha ba. In ya kwana bakwai cikin waɗannan kaya lafiya lau, to nas ɗin nan ƙarya take, kuma hannun Dijatu wankakke ne. Shekara tara tana neman mai yi mata shaida, sai ga shi an kawo mata shi a zani.

Ta zuba sababbin kayan a adaka suka kwana. Ta fito da tsohon shawul ta shanya a igiya na ɗan lokaci, don ta iya ce wa kanta iska ta buge shi. Da ta zo haɗa mai, ta raba ƙwallon biyu da wuƙa. Rabi kawai. Rabi ai ba komai ba ne.

Kullum da safe takan kai yaron bakin ƙofa wai yana shan iska, ta danna karan hancinsa da yatsa ta saki, ta duba launin da ya fito. Laraba, ba komai. Ta yi wa Saliha wanka tana zolayarta har maƙwabta na jiyo dariya. Alhamis ta danna, ta saki, wurin ya fito ruwan ɗorawa.

"Inna, idonsa fa kamar ya canja," in ji Saliha.

"Kowane jariri yana yi. Ke ma kin yi. A sa shi a hantsi."

Saliha ba ta yi shawara tana jaririya ba. Dijatu ta san ba ta yi ba. Da yamma kuma ta shafa masa man, domin fasawa a ranar ma wata amsa ce.

Juma'a da safe tafin ƙafarsa ya rine. Fitsarinsa ya ɓata nafkin kamar an zubar da shayi. In aka sa masa nono sai ya ja sau biyu ya saki. Saliha ba ta sake neman shawarar kowa ba, ta ɗauki waya ta kira mijinta tana kuka. Kafin Naziru ya iso da adaidaita, Dijatu ta ɗauki yaron ta wanke shi da sabulu sau biyu, ta naɗe shi da zaninta na ɗaurawa wanda bai taɓa shiga adaka ba. Saliha tana kallonta daga kan gado.

A babban asibiti, likitar ɗakin jarirai matashiya ce mai tabarau, mai magana da sauri. Ta ɗaga fatar idon yaron, ta dubi dasashinsa, fuskarta ta canja.

"Tun yaushe?"

"Jiya," in ji Saliha.

"An ba shi wani magani? Jiƙo? An sa masa lalle? Akwai kafur a kayansa?"

Saliha ta juya ta dubi uwarta. "Inna ce ke kula da kayansa."

"Ni?" Dijatu ta dafa ƙirji. "Likita, shekara tara ke nan rabona da kai kafur ɗakin mai jego. Je ki unguwarmu ki tambayi kowa."

Likitar ta sunkuya ta shinshina zanin. Sabulu ta ji.

"A danginku akwai jaririn da ya taɓa yin irin wannan?"

"Rai dai na Allah ne, 'yata. Kowa da kwanansa."

Likitar ta dube ta ɗan lokaci, sannan ta juya wajen Naziru. Ta ce ta ɗebi jini an kai gwaji, amma sakamako ba zai fito ba sai bayan la'asar. Kafin nan za a sa shi ƙarƙashin fitila mai shuɗin haske, wadda ke narkar da dattin ta fata.

"In shawara ce irin ta kowa, fitila ta isa. Amma in akwai abin da ke fasa masa jini, to fashewar ta fi fitila sauri, kuma ba zan jira takarda ba, canjin jini zan yi yanzu. Shi ma canjin da haɗarinsa, ba na yinsa a kan zato. Shi ya sa nake tambaya. Ku yi tunani da kyau."

Dijatu ta kau da kai.

Aka zaunar da su a benci a baranda. Ta gilashin taga Dijatu tana hango shi tsirara a cikin akwatin, an ɗaure masa ido da ƙyalle, hasken ya mai da fatarsa wani launi da ba na masu rai ba. Aka fara kiran sallar Juma'a daga masallatai. Naziru ya miƙe, ya sake zama. Wata mata a gefensu tana ɓare lemo tana ba da labarin yadda ƙishin ruwa ya kusa kashe ta a naƙuda. Dijatu tana jin ƙamshin kafur a ƙarƙashin farcenta, ko da ta wanke hannu sau uku. Ta tuna da shi ake gama wankan gawa. Ta cusa hannuwan cikin hijabi.

Tana lissafi. Daga yanzu zuwa la'asar awa uku. Ɗanta na fari ya kai kwana shida. Wannan kwana huɗu ne kawai, kuma rabi ta sa. Wataƙila fitilar ta isa. In ta isa, babu wanda zai taɓa sani. Za su koma gida, a yi suna ranar Talata, ta zubar da abin da ke adaka a ɓoye, ta mutu a matsayin mai wabi da ake tausayi.

Sai ta ji kukan.

Jarirai goma sha ne a ɗakin, rabinsu suna kuka. Nas ɗin da ke rubutu a tebur ko ɗagowa ba ta yi ba. Amma wannan siriri ne, mai tsini, kamar ana jan ƙarfe a kan dutse. Dijatu ta taɓa jin shi sau biyu a ɗakinta. Ta ɗaga ido. A cikin akwatin, ƙeyar yaron ta ɗan koma baya, ƙirjinsa ya taso.

Ba ta san lokacin da ta isa ƙofar ba, takalmi ɗaya a ƙafa.

"Iya, ba a shiga nan!" in ji nas.

"Kira mini likita. Da kafur! Ki ce mata da kafur!"

Muryar da take yi wa masu jego tsawa da ita ce, baranda duk ta ji. Mai lemo ta tsaya da ɓawo a hannu. Likitar ta fito daga ɗakin gefe.

"A kayansa, tun ran Talata. Da man da nake shafa masa, safe da yamma. Na wanke shi ne kafin mu taho don kada ki ji." Ta matsa kusa da likitar. "Maza uku na haifa. Biyu sun tafi da irin kukan nan kafin suna. Na ukun yana gida, kurma ne. An gaya mini tun shekara tara. Na sani."

Likitar ba ta yi mata faɗa ba, ba ta ma sake kallonta ba. Ta leƙa akwatin, ta kira nas biyu da sunayensu, ta ce wa Naziru ya bi ɗaya daga cikinsu zuwa ɗakin jini, a nemo sabon jini, kuma kada a karɓi na kowa daga dangin uwar. Naziru ya wuce ta gaban surukarsa da gudu. Karo na farko ke nan tun da ya fara neman Saliha da ya wuce ta bai rusuna ba.

Ta cibiya aka yi aikin, cibiyar da Dijatu ta gasa da hannunta kwana uku. Aka zura siririyar roba, ana zuƙo nasa kaɗan a zubar, a tura sabo kaɗan, a sake, a sake, sama da awa biyu. An ja labule. Uwa da 'ya suna benci ɗaya, tsakaninsu wurin zaman mutum biyu.

"Na ji ƙamshin, Inna," in ji Saliha, idonta a kan labulen. "Tun ranar farko na ji. An gaya mana a wajen awon ciki. Na ce ke ce, kin fi nas sani. Da likita ta tambaya ma na sani, na yi shiru don kada in ƙaryata ki a gaban mutane." Ta goge hanci da bakin mayafi. "Kin sa ni cikin laifin."

Dijatu ta sunkuyar da kai.

Bayan la'asar takarda ta iso ta tabbatar da abin da aka riga aka gama yi. Likitar ta fito tana cire safar hannu, ta ce da izinin Allah ya tsira da rai. Ta rubuta wa Naziru jerin abubuwan da yaron zai guje wa har tsufansa. Kunne kuwa, ta ce, ba za ta yi alkawari ba, dattin ya fara taɓa sama kafin a cire shi. Sai nan gaba a gwada.

A asibiti aka raɗa masa suna Izzuddeen. Da aka sallame su, gidan uwar Naziru Saliha ta wuce ta ƙarasa jego. Unguwa ta kwana biyu tana juya maganar: mai wanke matan gari, 'yarta a hannun wata take wanka. Dijatu ta juye kafur a masai. Ta wanke tsofaffin rigunan sau bakwai, ƙamshin bai fita ba. Ta bar adakar a buɗe a rana har fentin furen ya fara ɓamɓarewa. Gidaje biyu sun aiko kiranta, ta je, ta yi wankan shiru, har wata mai jego ta tambaye ta ko ba ta da lafiya. A gida na biyu ta ga ledar kafur a kan durowa, ta ɗauka ta nuna wa kakar yaron, ta ce mata, "Wannan ya kashe mini biyu." Matar ta zaci zaucewa ta fara.

Ran arba'in Saliha ta zo gaisuwa, domin ba a tsallake gidan uwa a yawon arba'in ko da me ya faru. Ta shimfiɗa zaninta a tabarma a inuwa, ta kwantar da yaron da kanta, ba ta miƙa shi ba. Ya yi ƙiba, idonsa fari tas. Ta ce asibiti sun ce a koma gwajin kunne wata mai zuwa. Sannan ta shiga bayan gida.

Dijatu ta tsaya a bayan kan yaron, inda ba zai gan ta ba. Kusa da ƙafarta akwai murfin babbar tukunyar da take dafa ruwan wanka. Ta ɗauka. Wata guda ba za ta iya jiransa ba, amma kuma hannunta ya ƙi saki. Ta ɗaga shi daidai ƙugunta, ta yi bisimilla, ta rufe ido, ta buɗe yatsu.

Murfin ya daki siminti, ƙarar ta cika gidan. Kaji suka watse. Izzuddeen ya zabura, ya watsa hannuwa biyu sama, ya tsala kuka mai kauri, irin na yaron da aka ɓata wa rai. Saliha ta fito da gudu ta sure shi.

"Inna! Me kuma kika yi masa?"

Dijatu ta zauna a ƙasa inda take. Murfin yana ta juyawa a kan siminti yana ƙara kafin ya kwanta. Taku huɗu daga wurin, Sha'aban ya ba su baya a gindin bishiya, yana kokawa da ɓawon gyaɗa guda, bai waiwayo ba.